Wasiƙa kan dabbar nan mai fiƙa kamar takobi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga hoton ƙoƙon kan nan da ka ce ɗanka ya hana ka sakat da tambaya a kansa. Ka gaya masa gaskiya ne, dabbar ta yi zamani a doron ƙasa. Ni kaina na daɗe ina bibiyar labarinta, shi ya sa na zauna in ba ka amsa a tsanake.

Sunanta Smilodon. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Peter Lund, ya raɗa mata sunan a 1842, bayan ya tono ƙasusuwanta a kogwannin Lagoa Santa da ke Brazil. Dangin kyanwa ce, sai dai reshenta ya rabu da na zaki da damisa tun miliyoyin shekaru. Iri uku aka sani. Mafi girmansu, na Kudancin Amurka, yakan kai kilo 400, fiƙarsa kuwa santimita 28 idan aka haɗa da saiwar.

Fiƙar nan ce ke ruɗin mutane. Wanda ya gan ta sai ya ɗauka ko ƙashi za ta fasa, alhali siririya ce, mai faɗi kamar wuƙa, tana iya karyewa idan abin da aka kama ya fizge gefe. Bincike ya nuna ƙarfin cizon dabbar bai wuce kashi ɗaya cikin uku na zaki ba. Ƙarfinta na ƙafafun gaba ne. Masana na ganin sai ta kayar da nama ta danne shi, sannan ta wage baki fiye da digiri 110, inda zaki ke tsayawa wajen 65, ta yanka maƙogwaro.

Yawancin abin da aka sani ya fito ne daga La Brea, a tsakiyar birnin Los Angeles na Amurka. A can kwalta ke ɓulɓulowa daga ƙasa tun dubban shekaru. Ganye da ƙura su rufe ta, doki ko ɓauna su taka su maƙale, kukansu ya jawo masu cin nama, su ma su maƙale. Shi ya sa a cikin manyan dabbobin da aka tono, kusan tara cikin goma mafarauta ne. Smilodon kaɗai an samu fiye da 2,000.

To ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Cikin waɗannan ƙasusuwa akwai da yawa da suka karye suka kuma ɗinke, wato dabbar ta rayu bayan raunin. Akwai wani ƙashin ƙugu da aka ɗauki hoton cikinsa da na'urar asibiti, aka wallafa sakamakon a 2021. An gano cewa tun tana ƙarama ƙugun ya nakasa, amma ta girma har ta kai munzali. Dabbar da farautarta kokawa ce, yaya ta ci abinci da gurguwar ƙafa shekara da shekaru? Wasu masana sun ce lallai a garke suke rayuwa, masu lafiya su kashe, mai rauni ya samu rabo. Wasu sun ce dangin kyanwa suna da juriya, ana iya rayuwa da mushe. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na farko, domin nakasar tun yarinta ce, kuma da wuya ɗan da ba ya iya gudu ya kai girma ba tare da an ciyar da shi ba.

Wani abu kuma da na so ka nuna wa yaron. A 2020, a bakin kogin Badyarikha da ke Yakutiya ta Rasha, an tono jaririn wani ɗan'uwanta mai suna Homotherium daga cikin daskararriyar ƙasa. Sati uku kacal ya yi a duniya, ya kuma kwanta a ƙanƙara fiye da shekara 35,000. Kansa da ƙirjinsa da ƙafafun gaba duk suna nan, da gashinsa mai laushi, launin ƙasa mai duhu. Ranar da na ga hoton a 2024 na daɗe ina kallon ɗan tafin ƙafarsa. Dogayen fiƙoƙin ma ba su kai ga fitowa ba.

Smilodon ta ƙare wajen shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da yanayi ya sauya, manyan dabbobin da take ci suka ɓace, mutane kuma suka yaɗu a nahiyar Amurka.

Ka ce yaron ya fara zana ta. Ya kaurara mata wuya da kafaɗu, ya kuma gajarta wutsiyar, domin guntuwa ce. Idan ya gama ka turo mini in gani. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka