Rufin da wuta ta cinye a Gwadalahara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina zaune a Madrid, kuma ɗan magini ne ni, shi ya sa duk ginin da na shiga sai na fara ɗaga kai. Asabar ɗin da ta wuce na hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa guda, zuwa Gwadalahara. Sunan garin ma daga Larabci yake, Wadil Hijara, wato kwarin duwatsu.

Fadar Infantado na je gani, gidan sarautar zuri'ar Mendoza, wadda aka fara ginawa wajen 1480 a hannun gwanin magini Juan Guas. A lokacin Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano. Fuskar ginin cike take da duwatsu masu tsini da aka jera reras, kai ka ce ƙusoshi aka kafa. Da rana ta karkata, kowane tsini ya ja 'yar inuwarsa, na daɗe tsaye ban shiga ba. A tsakar gida kuwa, bisa kowane baka na hawan ƙasa an sassaƙa zakuna biyu suna fuskantar juna. Na matsa kusa da guda, har gashin wuyansa ana iya bi da ido sili-sili. A gidan nan aka yi bikin auren Sarkin Sifaniya Filib na Biyu a 1560.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rufin ɗakunan. A da, katako ne sassaƙaƙƙe mai ruwan zinariya, irin aikin da aka gada daga gwanayen Musulmin Andalus. A watan Disamba na 1936, lokacin yaƙin basasa, bom ya faɗa kan fadar, wuta ta lashe shi. An gyara ginin daga baya, yanzu ma gidan tarihi ne, sai dai wancan rufi bai dawo ba. A tsofaffin hotuna marasa launi ake ganin yadda yake a da. Wallahi raina ya sosu, domin na san wahalar da hannu ke sha kafin ya fitar da irin wannan aiki.

Nan take na tuna soron kakana mai ɗaurin guga, yadda aka gicciya azara aka lanƙwasa baka da ƙasa zalla. Damina guda ta kayar da shi, ko hoto ɗaya ba mu da shi. Su aƙalla sun ɗauka.

Roƙona ga jaridarmu: ku ware shafi, ko sau ɗaya a wata, ku tura mai ɗaukar hoto tsofaffin soraye da zauruka a Kano, Zariya, Katsina da Damagaram. A ɗauki rufin daga ciki, a auna faɗinsa, a zauna da tsofaffin magina su faɗi sunan kowane ɗauri tun suna raye. Idan kun fara, zan haɗa ku da ƙanin mahaifina, har yanzu yana tuna yadda aka ɗaura namu.

Naku,
Mai karatu daga Madrid, Sifaniya