Zuwa ga Habibu a Fatakwal: kada ka sayi tayar tukuna

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan Kano sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, ramukan titi ma sun samu nasu rabon.

Na ga saƙonka a kan Corollar nan taka, cewa tayoyin gaba da ka saka bayan ƙaramar sallah har sun cinye ta ciki, kuma da ka sassauta sitiyari sai motar ta ja ka dama. Ka ce mai tayar ne ya cuce ka. Ni dai ina jin ba ruwansa, matsalar alaimen ce, wato saitin yadda tayoyi ke fuskantar gaba. Na taɓa yi wa wani bawan Allah tijara a kan irin wannan, daga baya kunya ta hana ni bi ta ƙofar shagonsa.

Rami na afka da daddare a hanyar Zariya, na ji ƙara, na ce Allah ya tsare, na ci gaba da tafiya. Bayan 'yan watanni tayar hagu ta zama kamar an yi mata aski ta gefe ɗaya. Da bakanike ya ɗaga motar da jak, ya riƙe tayar ta gefenta biyu ya girgiza, sai ga ta tana kaɗawa. Ashe tayarod ne ya saki, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya.

Ka san tayoyin gaba ana saita su ne su dubi gaba kusan sak, abin da ake bari 'yan milimita ne kawai. In bakinsu ya buɗe waje kamar tafiyar agwagwa, gefen ciki ke cinyewa. In sun tsuke ciki, gefen waje. Dalili kuwa, tayar tana mirginawa ne tana kuma gogar kwalta a karkace, duk inda ka je kana kankare kuɗinka. Ka shafa tafin hannunka a kan zanen tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, kaifi ta ɗayan kamar haƙorin zarto, to shi ne. Akwai kuma kamba, wato jinginar da taya ke yi ciki ko waje in ka tsaya a gaban mota. In na dama da na hagu suka bambanta, mota takan ja gefe, kuma sau da yawa alama ce wani ƙarfe ya lanƙwashe.

Amma kafin komai ka auna iska. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, kada ka bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa. Iska kaɗai in ba ta daidaita ba tana sa mota ja. Daga nan a duba ƙafar motar: tayarod, bol join (mahaɗin da taya ke juyawa a kansa), bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafa), shoka. Yin alaimen a kan ƙafa mai rawa asarar kuɗi ce, rami na farko zai wargaza shi. Sai an gyara waɗannan sannan a saita, sannan ka saka sabuwar taya.

Rawar sitiyari da ka ce kana ji in ka kai gudun 100, wannan galibi balansin ne, wato daidaita nauyin taya, aikinsa daban.

Game da alaimen na kwamfuta ko na igiya, ni na fi son kwamfuta don ka ga lambobin da idonka kafin aiki da bayansa, ko da yake na ga tsohon da ke yi da igiya ya fi yaron da bai san na'urarsa ba. Ko wanne ka je, kada ka biya sai ka ɗana motar a miƙaƙƙen titi ka ga sitiyari ya tsaya a tsakiya.

In za ka sayi tayar, duba lambobi huɗun da ke gefenta: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. 'Yar Beljiyam, wato tayar da aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, takan yi kyau a ido alhali ta tsufa.

Ka gaishe min da mutanen gida. In kun taso hutun babbar sallah da motar, ka biyo ta nan in gani da idona.

Naka,
Sani