Wasiƙa zuwa ga Abba kafin tseren Molokai

Assalamu alaikum Abba. Ya karatu ya zaman Honolulu? Nan Yauri duk lafiya, ruwa ya cika sosai bana, Ummanka da su Hafsa suna gaishe ka.

Toh na ga bidiyon da ka turo, na kalla ya fi sau biyar, har na kai wa Kawunka a bakin tasha ya gani, shi dai dariya ya yi ta yi wai jikan Sarkawa ya tsallaka duniya ya koma sana'ar kakansa. Da farko raina bai so ba, na biya maka ne ka je karatu ba tuƙin kwale-kwale ba. Amma tunda ka ce kulob ɗinku ya saka ka cikin mutum 9 da za su yi tseren kwale-kwale na Molokai Hoe a Oktoba ba zan hana ka ba, sai dai ka saurare ni da kyau.

Na sa ƙanenka ya buɗo min labarin tseren a intanet ya karanta min. Tun 1952 ake yin sa, ana tashi daga Hale o Lono a tsibirin Molokai a tsallaka mashigin Kaiwi a sauka Waikiki, mil 41, wato wajen kilomita 66 a buɗaɗɗen teku. Gwanayen Tahiti ɗin nan Shell Va'a da suka kafa tarihi a 2011 sai da suka yi awa huɗu da rabi suna tuƙi, to ku sabbin shiga kaga sai abin da Allah ya yi, awa shida ma ba abin kunya ba ne. Kuma wannan ba Neja ba ce Abba. Kogi ka san inda ya nufa, kana ganin gaɓa dama da hagu, in abu ya ɓaci ka kama ciyawa. Can babu ciyawar kamawa.

Abin da ya hana ni barci ba igiyar ruwan ba ce, canjin nan ne da kuke yi a tsakiyar teku. Mutum shida a kwale-kwale, uku a jirgin rakiya mai inji, sai jirgin ya wuce gaba su ukun su faɗa ruwa su jeru suna ɗaga hannu, kwale-kwale ya zo da gudunsa ba ya tsayawa, su kama ta hagu ɓangaren da ama take, wannan doguwar goran da ke hana shi kifewa, su sunkuya kar sandunan iako da ke riƙe da goran su bugi kansu, waɗanda suka gaji kuma su mirgina ta dama su faɗa ruwa su jira a ɗauke su. A bidiyo abin sha'awa. Ni ko farfelar jirgin rakiyar nake ta kallo. A tseren 2010 farfela ta sassare wani matashi a gadon baya lokacin irin wannan canjin, da ƙyar ya sha. Nima da idona na taɓa ganin abin da farfelar ƙaramin inji ta yi wa ƙafar wani yaro a nan bakin ruwa, yaron da ya fi kifi iya ninƙaya, har yau da sanda yake tafiya. Saboda haka kar ka yi tsalle sai mai jirgi ya ce ka yi, kar ka matso kusa da tsani sai ka tabbata ya cire giya, kuma kar ka taɓa zagayawa ta bayan jirgi ko da kana jin numfashinka zai ƙare. In ba ka ji abin da ya ce ba saboda iska, tsaya inda kake ka ɗaga hannu, shi ya zo.

Ka ce min ba a yarda a yi canjin farko ba sai an ɗan jima da tashi, kana ƙorafi wai doka ta yi yawa. Ka yi lissafi mana, kwale-kwale wajen ɗari kowanne da jirgin rakiyarsa duk a cunkushe wuri guda, sannan a zuba mutane a ruwa a tsakaninsu? Wanda ya kafa dokar nan ya san abin da yake gudu. Mu nan rashin bin irin wannan ne ya jawo hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah a 2021, lodi ya wuce ƙima, mutum sama da ɗari suka salwanta, ka san gidajen da muka je ta'aziyya.

Sai maganar matuƙi, na kujera ta shida. Na san halinka, ka fi kowa sani, tun kana firamare kake gyara wa malamai magana. A cikin jirgi baki ɗaya ne, nasa. In kun kife, abin da kuke ce wa huli, kafin ka nemi filafilinka ƙirga kawuna tukuna, shida ne ko biyar, don rufin da kuke zugewa a ƙugu yana iya riƙe mutum a ƙasa. Ka koyi buɗe zif ɗin nan ido rufe. Iya ruwa fidda kai ne, amma a jirgin mutum shida har da fidda ɗan'uwa. In kuma jiri ya kama ka ko amai ko jijiya ta ɗaure, faɗa musu a cire ka, ba wanda zai yanka ka.

In masu shiryawa suka ce an fasa saboda teku ta yi fushi kar ka tsaya ɓacin rai kan kuɗin tikiti, na mata ma Na Wahine O Ke Kai an taɓa soke shi a 1980 da 2015 kuma duniya bata tashi ba.

Atisayen nan na asuba da yamma kar ya cinye maka lakca, sakamakon zangon nan ina jiransa. Ranar tsere ka yi sallar Asuba kafin hayaniya ta fara, ka ci abin da cikinka ya saba, ba ranar gwada sabon abinci ba ce, kuma ka tambaya kafin ka ci nama a wurin walimarsu.

Mun lissafa, awa 11 ke tsakaninmu, in kun tashi ƙarfe 8 na safe nan 7 na dare ne, kun isa Waikiki mu wajen ɗaya na dare. Ummanka ta riga ta ce ba za ta kwanta ba, nima na sa a cika min caji. Kana taka yashi ka ari waya ko ta waye ka kira, hoton ya biyo baya.

Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka.

Babanka