Maigida, Kai Ka San Cimar Mahaifiyarka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da magidanta, don na san abin da ya same ni a Babbar Sallar bana ba ni kaɗai ya taɓa samu ba.

Tun da surukina ya rasu, a gidanmu dangin maigidana suke haɗuwa washegarin layya, tunda shi ne babba. Bana mutum 23 na ƙirga har da yara. Tun asuba nake tsaye a murhu: waina da miyar taushe, tuwon shinkafa, farfesun kayan ciki, ga zoɓo da kunun aya. Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Rano, na zuba nata a sabuwar kula na kai mata har ɗaki, na durƙusa na gaishe ta. Da la'asar aka dawo min da kular kamar yadda na kai ta. Naman kawai aka ɗan tsinta.

Kafin magariba magana ta zaga gida. Wata facalata ta ce, a gaban kowa, ai Hajiya ba ta saba da girkin 'yan boko ba. Na shiga ɗaki na yi kukana na share hawaye na fito. Sallah ta biyu ke nan ana dawo min da kwano haka, kuma ni a zuciyata na gama yanke hukunci cewa matar nan ba ta ƙaunata.

Kashegari ina gyara mata shimfiɗa sai na ga ledar magunguna a ƙarƙashin matashi. Na ja jikarta da ke zaune da ita gefe na tambaya. Ashe shekara biyu ke nan Hajiya tana fama da ciwon suga da hawan jini, likita ya ce ta rage farar shinkafa da zaƙi da gishiri. Wato duk abin da na kwana ina dafawa, shi aka hana ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa take kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, ni kuwa ban san adadin dunƙulen da na marmasa a farfesun nan ba.

To me ya hana ta faɗa? Kunya. Matar da ko sunan ɗan farinta ba ta kamawa, ta yaya za ta dubi matarsa ta ce, “Ga abin da za ki dafa min”? Gara ta wuni da ruwan zafi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maigida ya sani sarai, don shi yake sayen maganin. Da na yi masa maganar da daddare, sai ya ce, “Au, ban gaya miki ba?” Shekara biyu ina zargin baiwar Allah, ita ma ƙila tana ganin da gangan nake yi mata, shi kuma yana zaure yana yagar haƙarƙari da ƙannensa. Magidanta, ku ne a tsakani. Surukuta ta rufe bakin uwa, ta rufe na mata, amma naku a buɗe yake.

Yara masu tsirfa kuwa, waɗanda in ba Indomie ba sai kuka, na daina ɗora musu tukunya ta daban. Ga waina ga sukari, wanda yunwa ta kama zai ci. Uwarsu ta kumbura, amma ba ta ce komai ba.

Ranar da Hajiya za ta koma na tuƙa mata tuwon alkama, na kaɗa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi, gishiri ɗan kaɗan. Kula ta dawo fes, da goro biyu a ciki. Jikar ta ce Hajiya ta ce Allah ya yi albarka, kuma wai a ina nake sayen daddawata.

Wassalam.

Daga wata uwargida,
Unguwar Hotoro, Kano.