Wanda ya taimaka aka kama mai laifi, wa zai kare shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan halin da farar hula ke shiga idan suka taimaki 'yan sanda wajen kama wanda ake zargi, musamman yanzu da ƙwacen waya ya addabi birnin Kano, jami'an tsaro kuma kullum suna kira ga jama'a da su ba da haɗin kai.

Mutane da yawa ba su san cewa wannan taimako wajibi ne a doka ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 27, ta ɗora wa kowa nauyin taimaka wa alƙali ko ɗan sanda idan ya nemi agaji wajen kama wanda ake zargi ko hana shi tserewa. Sashe na 20 kuma ya ba mutum damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin da sashe na 23 ya gindaya, wato ya miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2019.

Iyakar ikon ke nan, kamawa da miƙawa. Duka ko ɗaure mutum a jikin turken lantarki ba sa cikinsa, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki kowa a matsayin mara laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta zuwa gida yin sallah, ya faro ne daga tare mota da sunan bincike.

Damuwata ita ce wanda ya bi doka sau da ƙafa. A ce direban adaidaita sahu ne ya riƙe ɓarawon waya har 'yan sanda suka iso. Za a tafi da shi caji ofis ya ba da bayani, ya wuni a kan benci alhali mai babur yana jiran balas ɗinsa da yamma, sannan a riƙa kiransa kotu ana ɗage zama, kuɗin mota daga aljihunsa. Idan an yanke shi da wuƙa a wajen kokawar, shi zai nemi kuɗin ɗinki. Mafi muni, wanda aka kama yana da haƙƙin beli, kuma daidai ne ya samu, amma idan ya fito ya san fuskar wanda ya riƙe shi, ya san tashar da yake lodi. Sashe na 232 na dokar 2015 ya yarda a ɓoye sunan mai shaida, sai dai an taƙaita shi ga manyan laifuffuka irin su ta'addanci da safarar mutane, don haka bai amfani wannan direba da komai ba. Shi ya sa idan aka yi ihun ɓarawo, wasu sai su kau da kai, wasu kuma su zaɓi ɗaukar doka a hannu don kada a kai ga maganar shaida.

Akwai abin koyi a cikin dokokinmu. Dokar 2017 da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ta hana a tsananta wa wanda ya kawo shi da tambayoyin cin fuska. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta yi irin wannan tanadi ga masu taimakawa wajen kamu: a ɗauki bayaninsu a sallame su da wuri, a sakaya adireshinsu idan akwai barazana, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin jinyar duk wanda ya ji rauni a lokacin da ɗan sanda ya nemi agajinsa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano