Wasiƙa ga Iyaye: Batun Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yara.

Muna fatan kowa da iyalinsa suna lafiya. Jarrabawar tsakiyar zango tana nan tafe a lokacinta, kuma har yanzu muna roƙon a riƙa sallamo yara da wuri, kafin a kaɗa ƙararrawa. Sauran takardar nan kuwa a kan ƙungiyar wasan kwaikwayo da muka kafa ne, domin maganar ta taso a taron iyaye da malamai, kuma mun lura ba kowa ne ya tashi da gamsuwa ba.

Wani dattijo ya yi tambayar da ke zukatan mutane da yawa: "Malam, 'yan fim za ku mai da mana 'ya'ya?" A'a, Baba. Babu kyamara, babu rawa, babu waƙar soyayya. Maza suna atisaye da malami, mata da malama a ajinsu daban, kuma duk uban da ya ga dama ya shigo ya zauna ba sai ya nemi izini ba.

Abin da muke nema shi ne yaro ya iya buɗe baki. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Wasu sai sun gama talla suke zuwa, wasu daga nan garejin kanikanci suke wucewa. Ɗan mai hali yana da wanda zai yi magana a madadinsa a asibiti ko a ofis. Namu kuwa sai dai bakinsa. To ga shi a aji ya san amsa, amma kunya da tsoro sun ɗaure masa harshe. A atisaye dole ya ɗaga murya, ya jira ɗan'uwansa ya gama kafin ya karɓa, ya zo a kan lokaci don in ya makara mutum goma ne za su tsaya jiransa. Wannan tarbiyya ce da allo da alli kaɗai ba sa bayarwa.

Ba kuma baƙon abu muka ɗauko ba. Wa bai yi tashe ba a cikinmu? Azumi na kaiwa goma, yaro ya manna auduga a haɓa, ya dogara sanda, ya zama tsoho, a yi dariya, amma gugar zanar da ke ciki ta isa inda aka aike ta. Malam Aminu Kano, tun yana malamin makaranta a shekarun 1940, yake rubuta wasannin kwaikwayo yana sukar zalunci da su. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma, tun tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo suke fita Samaru da ƙauyukan kewaye irin su Bomo, su zauna da mutane su ji abin da ke damunsu, sannan su mai da shi wasa a dandali. Tsarin da muke bi ke nan, haɗe da wata dabara ta Augusto Boal, mutumin Brazil: ana tsaka da wasa sai a tsaya, a ce wa ɗan kallo ya taso ya karɓi matsayin wani ya gwada tasa mafitar.

Wasan farko da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka shirya a kan kwata ne, kuma su suka zaɓa da kansu. Maƙwabta biyu, kowa yana tura shara gaban ƙofar ɗan'uwansa, damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakin tsohuwar da ba ruwanta, sauro ya yi gida, jikanta ya kwanta da zazzaɓi. Yaron da ya fito a mai unguwa, da babbar rigar aro tana jan ƙasa, ya naɗa zanen gado a matsayin rawani, wallahi tun shigowarsa makarantar nan ba mu taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba. Ran nan sai ga shi ya tsare maƙwabtan biyu da tambayoyi har suka rasa ta cewa. Da aka tsayar da wasan, mai gadinmu ne ya fara tasowa, ya ce shi a ganinsa aikin gayya za a kira ranar Asabar, ba tara za a ci kowa ba. Aka yi ta muhawara har aka kira la'asar.

Ba mu ce wasa zai yashe kwata ko ya saukar da farashin masara ba. Amma magana irin wadda babba zai ji nauyin faɗa wa maƙwabcinsa, in ta fito daga bakin yaro cikin raha, tana shiga ba tare da an ɓata ba. 'Yan mata kuma suna shirya nasu a kan talla da fashin makaranta, kuma iyaye mata kaɗai za a gayyata.

Atisaye ranar Alhamis ne bayan an tashi, awa ɗaya, don kada ya ci karo da Islamiyya. Ba a biyan ko kwabo. Ba kuma dole ba ne: akwai 'yar takarda a ƙasan wasiƙar nan, wanda ya amince ya sa hannu ya ba yaro ya dawo da ita wurin malamin ajinsu. Ɗalibin da sakamakonsa ya yi ƙasa za mu dakatar da shi sai ya gyara.

In akwai tsohuwar riga, hula, mayafi ko tabarmar da aka daina amfani da su, a taimaka mana. Za a nuna wasan kwatar a filin makaranta ranar ba da sakamako, da hantsi. Mun aika wa mai unguwa da limamin masallacinmu goron gayyata, ku ma muna jiranku.

Wassalam,
Shugaban Makaranta