An sallame ni daga aiki, an kuma riƙe min kamashona

Assalamu alaikum, Barista. Allah ya saka da alheri bisa wannan shiri da ake wayar mana da kai a kan shari'a.

Ni magidanci ne a Tudun Wada, Kaduna. Tun 2021 nake tallata wa wani kamfani kayan sola, wato fanel da batir da inbata. Albashin bai taka kara ya karya ba, abin da ke riƙe da gidana shi ne kamashon kashi 3 cikin 100 na duk abin da na sayar. Ni na nemo musu 'yan kasuwa a Kasuwar Barci da Kawo da Kakuri, har da wasu a Zariya.

Bayan ƙaramar Sallah aka kira mu aka ce an rage ma'aikata. Na karɓi ƙaddara. Sai dai akwai kamashona na naira 840,000, na kayan da ni na yi cinikinsu, na tsaya aka loda a mota, na raka direba har ƙofar shago. Masu kayan sun biya kamfani bayan barina aiki. Da na je, manaja ya ce kamasho na wanda ke bakin aiki ne a ranar da kuɗi suka shigo. Wallahi ban taɓa jin wannan ƙa'ida ba sai a ranar, kuma a ganina zalunci ne. Wa ya sha ranar?

Takardar ɗaukata aiki albashi kawai ta ambata, kamashon da baki muka yi shi. Amma ina da saƙonnin WhatsApp da manajan ke turo min lissafi duk ƙarshen wata, da alat na banki da aka rubuta kamasho a jiki, da hotunan takardun kai kaya masu sa hannuna. Shin kotu za ta karɓi waɗannan a matsayin hujja?

Shawarwarin da nake samu sun raba min hankali. Wani ya ce in kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wani abokina ya ce tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court) ce kaɗai ke sauraron rikicin ma'aikaci da ubangidansa, kuma tana da reshe a nan Kaduna. Shi ya kuma tsorata ni da cewa Dokar Ƙwadago ba ta ɗaukar wakilin talla da ke aiki a wajen harabar kamfani a matsayin ma'aikaci. Idan haka ne, Barista, ina makomar irinmu da aikinmu duk a kan titi yake? Ko lauya ya fara rubuta musu takardar neman biya tukuna? Ƙarfina bai kai na doguwar shari'a ba, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a na karɓar irin wannan ƙara?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne takardar da suka ba ni. Sun ce in sa hannu a ba ni albashin wata ɗaya, amma a ƙasa an rubuta cewa ba na bin kamfani komai. Kuɗin haya ya zo, ga kuɗin makarantar yara, uwargida ma tana cewa in karɓi abin da ya samu. Sun ba ni zuwa ƙarshen watan nan. In na sa hannu, kamashon ya tafi ke nan? In kuma na ƙi, za su iya hana ni albashin watan?

Wassalam.
Mai sauraronka daga Tudun Wada, Kaduna